Gaisuwar da ta Tsayar da Jirgi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta (kuma Allah ya sani na so), da Asabar ɗin da na tsayar da jirgin ƙasa cike da mutane. Ba wanda ya faɗi a kan layi, wuta ba ta tashi ba, ni dai kawai so na yi in gaishe da mahaifiyata. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai ina cikin tuƙi, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, in kama yi wa sitiyari bayani ni kaɗai.

Bari in faro muku daga tushe, don kada ku ɗauka taɓin hankali gare ni. Lafiyata lau. Ciwona ɗaya ne, ina mafarki ido biyu.

Ni ɗan Damagaram ne, kuma a garinmu babu jirgin ƙasa, ko layin dogo na ado babu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, yana jigilar kaya tsakanin garinmu da Kano. Wani hutun makaranta ina ƙarami ya ɗauke ni a gaban mota. Muna shiga Kano da la'asar sakaliya sai aka tare hanya, motoci suka yi cirko-cirko. Na ce, "Baba, me ya faru?" Ya ce, "Yi shiru, babban yayanmu ne zai wuce."

Sai ga wani kuka daga nesa, mai kauri, mai tsawo. A cikina na fara jin sa kafin ya iso kunnena. Can fitila ta ɓullo, ƙasa ta shiga rawa a ƙarƙashin motarmu, ga abu ya taho bai san da zaman kowa ba. A tagar kan jirgin wani mutum ya ɗora gwiwar hannunsa yana kallon gabansa, ko inda muke bai duba ba. Tun daga ranar na san abin da nake so in zama, kuma har yau da furfura ta fara leƙo mini ban zama ba.

Rayuwa ta yi ta juyi da ni har ta ajiye ni a Greensboro ta ƙasar Amurka, inda nake tuƙa 'yar motar ɗaga kaya a wani katafaren sito (ita ma tana da hon, amma in kuka ji kukanta sai ku tausaya mata). Gidan da muke haya a East Greensboro ba shi da nisa da layin dogo. Maƙwabta kullum cikin mita suke saboda ƙarar jiragen kaya, ni kuwa da na jiyo su nake buɗe taga. Sau da yawa matata Rakiya tana cikin ba ni labari sai ta ga idona ya tafi. Ta kan ce, "Baban Zara, in jirgin ya sauke ka ka gaya mini, sai in ƙarasa maganata."

Wani abokin aikina, Bitrus, mutumin Kafanchan wanda kakansa ya yi aikin reluwe, shi ya ja mini wannan rigimar. Ya ce akwai wani ɗan wuri can bayan McLeansville inda wasu tsofaffin ma'aikatan jirgi da suka yi ritaya suke kula da wani tsohon kan jirgi da 'yan taragunsa. Duk Asabar suna ɗaukar iyalai su zaga da su cikin gonaki a kan wani gajeren layi, kuma suna neman masu aikin sa-kai. Bai rufe baki ba na tambaye shi kwatance.

Ranar da na fara ganin kan jirgin nan a cikin rumfarsa, na daɗe a tsaye ina kallonsa. Mai shan dizal ne, kore da ratsin ruwan ɗorawa, kuma a shekaru kusan sa'an Innata ne. A hancinsa fitilu biyu ne. Ta ƙasa tana haska gaba kamar kowace fitila. Ta sama kuwa lilo take yi, haskenta yana zana lamba takwas a kwance, don wanda ke shirin tsallaka layi ya ga abu yana motsi ya farga. Fari take haskawa, amma akwai ja a cikinta, wanda ba ya kamawa sai an taka birkin gaggawa. A kan rufin ga ƙahoni a jere, kowanne da muryarsa, in suka haɗu sai su ba da wannan kukan da na baro a Kano. Igiyar da ake ja su yi kuka tana rataye a ɗakin direba, da ɗan mariƙin katako wanda hannuwa suka goge har yana sheƙi.

Direban jirgin wani dattijon Bature ne, Mista Haral, dogo, mai ciwon gwiwa, maganarsa ba ta da yawa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ji tarihina na Kano har ƙarshe, sannan ya miƙo mini tsumma. Aikina shi ne goge gilashin fitilu da ƙararrawa. Na goge su cikin sanyi, na goge su cikin zafi, ban taɓa jin haushi ba. Ina gogewa ina ganin fuskata a jikin tagulla, da hular direba a kaina wadda babu ita.

Wata rana ya kira ni ɗakin direba, ya nuna igiyar ya ce, "Wannan ba waƙa ake yi da ita ba, magana ake yi. Duk wanda ke aiki a wurin nan ya san yarenta." Ya fara lissafa mini. Dogo biyu, za mu tashi. Dogo, dogo, gajere, dogo, mun doshi mararrabar mota. Gajere uku, za mu ja da baya. Ina biye da shi tiryan-tiryan, sai mai gyaran wuta ya kunna fitilar lilon nan don gwaji. Hasken ya shiga yawo a bangon rumfa, ya hau, ya gangaro, ya sake hawa. Shi ke nan, aka rasa ni. Na ɗauki jirgin nan na bar Damagaram da shi, na nufi Agadas a kan layin da babu wanda ya taɓa shimfiɗawa, raƙuma suna ɗaga kai, yara suna bin mu da gudu suna ɗaga hannu. Ina gab da shiga tasha na ji muryar Mista Haral yana cewa, "Ka gane duka?"

Na ce, "Na gane sarai." (Jama'a, bakinsa kawai na ga yana motsi.)

Ana cikin haka Inna ta zo daga gida, ganin jikoki da kuma a duba mata ido, don yana ta fara rufe mata su. Abin da ke kusa tana gani, na nesa kuwa sai dai inuwa. A makon ne kuma Mista Haral ya ce mini, "Ranar Asabar za ka hau tare da ni, kai za ka riƙe igiya. In ka yi daidai, zan fara koya maka aikin mataimakin direba. In ba ka yi ba, akwai masu jira a bayanka." Ban san yadda na kawo kaina gida ba ranar, don motar ce kawai ta san hanya.

Na zauna a gaban Inna na zayyana mata komai. Ta saurara tana jan carbinta, sannan ta ce, "To madalla. Amma can sama za ka hau ko? Ni da idon nan, ƙaƙa zan yi in san kana ciki?"

Na ce, "Inna, za ki sani."

Wallahi lokacin ban shirya komai ba, faɗa kawai na yi. Amma ya kamata ku san wani abu game da mu. A wurinmu hon gaisuwa ce. Direba ba ya wuce ƙofar gidan surukinsa, ko majalisar abokansa, ko rumfar mai shayin da ya saba, bai ɗan danna ba. In ya wuce shiru, kafin magariba an fara tambaya ko lafiya. Mahaifina kuwa nasa daban ne. In ya dawo daga tafiya, tun daga kwanar kasuwa yake jero su gajeru-gajeru da sauri, fi-fi-fi-fi-fi, duk unguwa ta san ya iso. Mu yara kafin ya gama mun zuba a guje muna ihu. Da wannan sautin na girma, yana nan kwance a hannuna ban sani ba.

Asabar ta zo da rana mai daɗi, irin ta lokacin da ganyaye suke komawa ja da rawaya. Na saka shuɗin kayan aiki da hula mai ratsi-ratsi, waɗanda na sa Rakiya ta goge mini har da kari (daga baya na lura duk wurin ni kaɗai ne mai kari a wando). Ita kuma Rakiya, Allah ya shirye ta, ashe ta baza labari a wayar matan masallaci cewa maigidanta zai tuƙa jirgi. Muna isa na tarar da 'yan uwanmu 'yan Nijar mota-mota, har da wani Alhaji da babbar riga. Aka kafa wa Inna kujerar naɗewa a gindin wata bishiya, can bayan shinge, nesa da layi. 'Yata Zara ta tsaya a gefenta da waya a hannu, za ta ɗauki bidiyo.

Na hau. Fasinjoji suka cika taragu, yawanci iyaye da ƙananan yara, kowa da gugguru ko kofin kofi. Mista Haral ya kalle ni ya gyaɗa kai. Na kama mariƙin katakon nan, na ja. Dogo. Na sake ja. Dogo. Kukan ya fita ta saman kaina, ya bi ta ƙashin bayana, ya tafi can cikin gonaki ya dawo. Ni ne na yi wannan. Saura kaɗan in yi hawaye a gaban Bature.

Muka tashi a hankali, ƙararrawa tana kaɗawa, fitilar lilo tana wasa a jikin itatuwa ko da rana ce. Muka ratsa wata gonar masara da aka girbe, muka wuce wasu dawakai da ko kai ba su ɗaga ba. Da muka doshi 'yar hanyar mota na ba su dogo, dogo, gajere, dogo, na riƙe na ƙarshen har muka hau mararrabar, daidai yadda aka koya mini. Mista Haral ya ce, "Ba laifi." Wanda ya san shi ya san wannan kirari ne. Na ɗora gwiwar hannuna a taga, na kalli gabana, na ƙi kallon kowa. Yaron nan na gaban babbar mota ya iso inda za shi.

Layin zagaye ne, kuma sau biyu ake kewayawa. Wato a zagayen farko jirgi yana wuce 'yar tashar ne ba tsayawa. Da muka karyo kwana sai ga tashar, ga shinge, ga mutanenmu suna ɗaga hannu. Can na hango Inna. Ta yi 'yar ƙarama a kujerar nan cikin farin mayafinta, ta karkata kai, tana neman inda zan ɓullo. Kuma ba wajenmu take kallo ba, wani gefe can daban ta fuskanta, inda babu komai sai wurin ajiye motoci. Kowa yana ganina ban da ita. Tausayinta da son ta suka rufe ni lokaci guda. Ban yi shawara da kaina ba, hannuna ne ya tafi.

Fi-fi-fi-fi-fi-fi!

Sai dai a bakin ƙahonin nan ba fi-fi ba ce, tsawa ce ake yankawa gunduwa-gunduwa. Kafin in saki igiyar Mista Haral ya finciko birkin gaggawa. Iska ta fashe da wani irin huci, ƙafafun jirgi suka yi ƙara a kan ƙarfe, taragu suka yi ta karo da juna daga gaba har baya. Na tafi luu na rungumi gilashi. Fitilar lilo ta koma ja wur. Na jiyo yara sun ɓarke da kuka, na ga gugguru yana fita ta tagogi. Ma'aikata suka fito daga ko'ina a guje, wani da akwatin magani, wani da jar tuta, wata mata tana magana da ƙarfi a rediyon hannu.

Mista Haral yana ihu, "Ina? A ina yake? Me ka gani?"

Na ɗaga yatsa kawai na nuna. Dattijon nan mai ciwon gwiwa, wanda kullum sai ya yi addu'a kafin ya sauka matakala, ya dire ƙasa kamar saurayi. Ya duba gaban jirgi, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya bi layi da kallo. Babu kowa, ko kyanwa babu. Sannan ya juyo ya bi yatsana, wanda har lokacin yake a miƙe, ya tsallake shinge da ido, ya sauka a gindin bishiya. Ga tsohuwa ta miƙe tsaye, ta juyo daidai inda muke, ta ɗaga hannu ɗaya sama.

Ya dawo gindin matakala a hankali. Wurin ya yi tsit, sai hucin inji. Ya ce, "Ka san abin da gajeru a jere suke nufi?"

Na sauke yatsana, shi kuma ya ba kansa amsa.

"Akwai mutum ko dabba a kan layi. Na gaya maka."

Na ce, "Ka gaya mini."

"To me ka gani?"

Na ce, "Mahaifiyata ce. Gaishe ta na yi."

Da ƙasa tana da ƙofa, da ranar na ƙwanƙwasa. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo, sai wata baiwar Allah da kofi ya wanke wa gaban riga, wadda ta leƙo ta taga tana yi mini kallon da har yanzu nake gani. Alhaji mai babbar riga ya shiga duba agogonsa kamar ba tare muka zo ba. Zara ta sauke waya ta rufe fuska da tafin hannu, na jiyo ta daga inda nake tana cewa, "Daddy, seriously?"

Ina tsaye ina fatan abin ya ƙare a nan, sai ga Inna ta taho, Rakiya tana riƙe da hannunta. Tafiya take a natse, jan hasken nan yana bi ta kan farin mayafinta yana wucewa, yana dawowa. Jama'a suka dare mata. Ta tsaya a gaban Mista Haral ta ce mini, "Wannan shi ne sofer ɗin, mai tuƙin? Ce masa na gode. Ce masa Allah ya saka da alheri, ya tsayar da wannan ƙaton abu saboda tsohuwa. Allah ya ba shi lafiyar ƙafa."

Ya ce, "Me take cewa?"

Na ce, "Godiya take yi, tana yi maka addu'a."

Ya kalle ta, ya kalle ni. Ya cire hularsa ya ɗan rusuna mata, ya ce in gaya mata yana murna da zuwanta. Sannan ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya don kada ta ji. Ya ce, "In yau ka yi wannan ƙarar don gaisuwa, gobe idan yaro ne a kan layi, wani zai tsaya tunanin ko gaisuwa ce. Wannan tsayawar ita ce ran yaron." Ya mai da hularsa. "Ka sauka daga jirgina. Tsummanka yana inda ka bar shi."

Gaskiyarsa ce. Na tsaya a bayan shinge da wandona mai kari, ina kallo aka duba birki, aka kashe jar fitila, wani ya hau ya kama igiyata ya ja dogo biyu, jirgi ya tafi zagaye na biyu ba ni.

Muka kama hanyar gida. Rakiya tana kallon taga, kafaɗunta suna rawa (ta rantse mini daga baya wai tari ne). Mun kusa shiga gari Inna ta ce, "Sun karɓe maka igiyar ko?"

Na ce, "Wa ya gaya miki, Inna?"

"Idona ne ba ya gani. Muryar mai faɗa kuwa, ko da wane yare yake yi, na san ta." Ta juyo wajena. "Amma na san kai ne. Tun kan na biyu na sani."

Na ji wani sanyi ya ratsa ni. Na ce a raina, to, ko ba komai saƙo ya isa. Na fara gyara zama ke nan ta ƙara da cewa, "Sai dai ba haka mahaifinku yake yi ba."

"Haka ne mana, Inna. Da kunnena na sha ji."

"Ku da kuke zubawa a guje kuna ihu, me kuka ji? In ya jero gajerun nan, sai ya ɗan dakata, ya ƙara guda ɗaya mai tsawo, a hankali. Gajerun na 'yan unguwa ne. Dogon shi ne nawa." Ta yi 'yar dariya, ta kai bakin mayafi ta goge ido. "Kai dai ka gaishe da unguwa, ɗan nan. Ni har yanzu ina jira."

Shekara da shekaru mutumin nan yana yi wa matarsa magana a gaban duk gari, mu 'ya'yansa ba mu taɓa tsayawa mun ji ba. Ni kuma na tayar da hankalin jama'a, na ɓata rigar mutane, na rasa abin da nake mafarki tun ina yaro, kuma duk da haka gaisuwar ba ta je hannun mai ita ba.

Da muka tsaya a ƙofar gida, kafin in kashe mota, na ɗora tafin hannuna a tsakiyar sitiyari na danna guda ɗaya, doguwa, a hankali. Maƙwabcinmu ya ɗaga labule yana harara. Inna ta ce, "Yawwa. Sannu da zuwa."

Har yanzu ina zuwa duk Asabar, kuma in kuna neman fitilun da suka fi na kowa ƙyalli a jihar nan, ku zo in nuna muku. Mista Haral ya ce wataƙila baɗi mu sake magana, ya kuma nanata kalmar wataƙila. Abin da na koya dai ba shi da yawa: in ana magana, a bari a kai aya kafin a tafi Agadas. Sau biyu manya, mahaifina da Mista Haral, suka yi bayani da hon a gabana, sau biyun ina tsakiya na yi gaba, kuma duka biyun ashe maganar tana can ƙarshe.